Takun Farko

Ladan bai tashe ni ba, na riga shi.
Ina zaune bakin gado, ƙafa a rataye,
ina kallon daɓe kamar mai kallon gulbi ya kawo.
Taku bakwai ne tsakanina da buta,
na farkon ne abin tsoro:
wata ƙusa da babu maƙerin da ya ƙera ta
ta kwana tana jira na a dunduniya.

Shekara goma sha tara ina dakon albasa a Aliero,
buhu a wuya, daga rumfa zuwa gindin tirela.
Silifas ya suɗe har tsakuwa na gaishe ni da suna.
Ban taɓa ce wa ƙafa sannu ba.
In jiki ya yi ɗumi ciwon ya lafa, in ce ya tafi;
in zauna cin tuwo, in miƙe, ga shi tsaye
kamar mai bin bashin da ya haddace hanya.

Ige ta haska tocila, ta ɗauko allura,
ta tona, ta tona, babu ƙaya.

Maƙwabcina ya ce an ɗebi sawuna.
Na ce, wa zai ɓata layarsa a kan ɗan dako?
Me aka gani, gammo ko igiya?

Garinmu garin ɗori ne, na tafi wurin Baba Nomau.
Ya latsa, ya murza, ya tanƙwara yatsuna sama,
na kira sunan uwata.
Ya ce, "Gado, ba karaya, ba targaɗe.
Ni ba na ɗora abin da bai karye ba.
Mayar da kuɗinka aljihu, nemi asibiti."
Tsoho ya bar cinikinsa ya kama gaskiya.

A Jega, Malama Luba ta zana tafin ƙafa a bayan kati.
Ta ce, "Ka san baka? To kana tafe a kan guda biyu.
Daga dunduniya zuwa gindin yatsu
akwai jijiya shimfiɗe, ita ce tsirkiya.
Ka ja ta, ka ja ta, har bakinta ya fara tsattsagewa.
Da dare takan tsuke, tana ɗinke kanta;
da asuba ka dira mata, ka farke ɗinkin jiya."

Na ce, allura nawa?
Ta yi dariya.

"Kafin ka sauko, rataya zane a tafin, ja yatsu gare ka,
ƙirga talatin, saki, sake.
Dafa bango, tura ƙafar baya, har dambubu ya amsa.
Da yamma mirgina gorar ƙanƙara a ƙarƙashinta.
Sayi takalmi mai tsoka, bar yawo a siminti ba komai.
Rage buhu. Ƙwaya ta kwana kaɗan ce, ba abinci ba.
In ta kumbura ko ta mutu, dawo kar ka jira.
Sauran kuwa watanni ne, ba a yi musu gudu,
da sannu ake jan guga daga rijiya."

Rage buhu! Na tauna maganar har Aliero.
Wanda ya rage buhu ya rage tukunya.

Amma na koma tura baro.
Yara sun yi ta leƙe ta katanga,
ƙato na tura bango, bango bai matsa ba.
Kambas ya ci kuɗin buhu ashirin,
gorar ƙanƙara ta ci na shayi.
Damina ta sauka ta ɗauke, aka dasa albasa,
ƙusar tana gajarta kamar alli a hannun malami,
wata rana ta ɓace, wata rana ta leƙo ta tsokane ni.

Yau sai da na kai goshi ƙasa,
yatsuna a tanƙware a kan tabarma,
na tuna ban ƙirga taku ba.
Buta na can a jiƙe, ban san yadda na je ba.
Da na sallame na kamo ta da hannu biyu,
wannan mai kaushi, mai faso, mai haƙuri,
na ce mata: sannu da tafiya.